Tukunyar Gida da Teburin Titi: Abin da Rufe Gadar Malanville Ya Tona Game da Abincinmu

  

Tun ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar kwana huɗu bayan haka, duk lokacin da aka ambaci Malanville a rediyo maganar ba ta wuce gada da manyan motoci da sa-in-sar shugabanni. An lissafa asarar 'yan kasuwa, an lissafa asarar tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne abin da ya sami kwanon abinci a cikin gidajenmu. Ra'ayina shi ne, wannan ƙunci ya tona wata al'ada da ta daɗe tana shigarmu a hankali: abinci yana ƙaura daga tukunyar gida zuwa teburin titi. Idan abinci ya yi wannan ƙaura, abu biyu kan salwanta. Mai ci ba ya ƙara sanin abin da ke cikin kwanonsa, iyali kuma ba sa ƙara samun rabonsu na adalci. Dukansu biyu Musulunci yana da magana a kansu.

Garin da ke ciyar da matafiya

Malanville mashiga ce. Kayan da aka sauke a Kwatano sukan yi tafiyar fiye da kilomita 700, su ratsa Paraku da Kandi, kafin su iso bakin kogin Kwara su haye zuwa Gaya, daga can su nufi Doso da Yamai. Kasuwarmu ita ce ake lissafawa ta biyu a girma a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma a cikinta Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Yarabawa suke haɗuwa, har da mutanen Kamba da Illo daga jihar Kebbi.

Gari irin wannan dole ya cika da masu sayar da abinci. Direba da yaron mota da ɗan dako da fatake ba su da murhu a nan. Mai shayi, mai shinkafa da wake, mai ƙosai da koko, mai tsire, mai soya kifi, duk suna yi wa baƙo hidimar da ba zai iya yi wa kansa ba. Mata da yawa, cikinsu har da zawarawa da waɗanda mazajensu suka rasu, da wannan tukunya suke biyan haya da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Sana'a ce ta halal, kuma babu malamin da zai hana ta.

Sai dai abin da aka kafa domin baƙo ya zama al'adar ɗan gari. Magidancin da gidansa ke bayan kasuwa, tafiyar minti goma, yanzu yana karya kumallo a teburin mai shayi, ya ci na rana a rumfa, da dare ya tsaya wurin mai nama kafin ya shiga gida. Saurayi ya saba da taliyar leda da ƙwai. Yaron makaranta ana ba shi 'yan kuɗi a hannu maimakon ɗumame. Ga shi kuwa ƙasar nan ba matalauciya ba ce ta fuskar abinci: ga shinkafar fadama, ga albasa da tumatir da barkono na lambu, ga kifin Kwara da na kogin Sota, ga nono da wagashi daga rugagen Fulani.

Abin da ƙunci ya yi

A makonnin farko na takunkumi, manyan motoci sun yi layi na kilomitoci a wannan gefen, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, har kayan agajin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka nufi yaran Nijar da su suka maƙale. Direbobi suka cinye guzurinsu suna jira. A ranar 24 ga Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, amma Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro da ta ambata, har aka shiga 2025 gadar ba ta buɗe ba. Kaya masu yawa suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso. Mutane da ƙananan kaya suka koma ƙetarewa a kwalekwale, kowane buhu kuma sai an biya kuɗin sauke shi, da na jirgi, da na sake lodi.

Hatsi ya yi tsada har gwamnatin Benin ta dakatar da fitar da shi waje a watan Mayun 2024. Nijar ita ma a watan Oktoban shekarar ta hana fitar da nata, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Garuruwa biyu da suka saba musayar gero da masara da wake da garin rogo tun zamanin kakanni, kowanne ya kulle rumbunsa.

A irin wannan hali mai sayar da abinci tana tsakanin wuta biyu. Idan ta ƙara kuɗin kwano, mai saye ya gudu. Idan ba ta ƙara ba, jarinta ya karye. Mafitar da ta rage mata ita ce ta rage abin da ido ba ya gani: wake ya ragu a cikin shinkafa, kifi ya zama ƙamshi kawai, man suya ya ƙara kwana, dunƙulen magi ya ƙaru don ya rufe gurbin abin da aka cire. Kwano yana nan da girmansa, amma amfaninsa ya ragu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to ba ta gina jiki ma.

Me ke cikin kwanon?

Bari mu auna abincin rana ɗaya da ma'aunin likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Wanda ya ci taliyar leda da safe da garin ɗanɗanon da ke cikinta, ya ci miyar rumfa da rana, ya ci tsire da yaji da dare, ya zarce ma'aunin nan nesa ba kusa ba, alhali bai taɓa ɗibar gishiri da hannunsa ba. Gishiri mai yawa kuwa shi ne babban abokin hawan jini. Binciken da aka yi a Benin a 2015 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na manya yana da hawan jini. Cuta ce da ba ta sallama, sau da yawa sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda kafin a san da ita.

Haka sukari. Ma'aunin hukumar ga babban mutum bai wuce giram 50 a yini ba, kimanin ƙananan cokula 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da wajen giram 35. A haɗa da kofin shayin da aka zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi aka kuma ƙara sukari, da zoɓon leda, da atayi zagaye uku a majalisa. Ciwon sukari da a da muke jin labarinsa a gidajen attajirai, yau ga shi a gidan ɗan dako.

Farar shinkafar da ake shigowa da ita daga Indiya da Tailan an goge mata dusa, tare da dusar kuma wani kaso na sinadaran gina jiki ya tafi. Shinkafar da matan Malanville ke turarawa, wadda muke kira gumi, ta fi ta riƙe amfaninta, domin turarawa kan tura sinadaran bawo zuwa cikin ƙwaya. Amma sau nawa mai saye ke ƙyamar ta gida saboda ba ta yi fari ƙal ba?

Sai maganar hatsin da ya sha ruwa. Masara da gyaɗa idan suka jiƙe suka yi funfuna sukan haifar da dafin da masana ke kira afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe shi, yana lalata hanta, kuma wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara a Benin da Togo ya danganta shi da tsumburewar yara. A lokacin da buhuna ke kwana a cikin mota a damina, ko suke ƙetare kogi a buɗaɗɗen jirgi, wannan haɗari na kusa ne. Uwar gida idan ta auno masara tana ganin ƙwayar da idonta, ta tsince ta, ta wanke. Wanda ya sayi tuwo a leda ba ya ganin komai sai tuwo.

Wa ya ci, wa ya kwana da marmari?

Asara ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ta shafi haƙƙi. Binciken lafiyar iyali da aka gudanar a Benin tsakanin 2017 da 2018 ya gano cewa kashi 32 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma kashi 72 cikin ɗari suna fama da ƙarancin jini. Fiye da rabin mata masu shekarun haihuwa su ma jininsu bai cika ba. Abin da jikin waɗannan yara da iyayensu mata ke nema shi ne ƙwai, kifi, hanta, nama, wake, nono da ganye.

To ina ƙwan garin nan yake ƙarewa? A teburin mai shayi. Ina hanta da tsoka suke ƙarewa? A tukubar mai tsire, bayan sallar isha'i, a bakin maza majiya ƙarfi waɗanda su ne mafi ƙarancin buƙatarsu. Magidanci ya bar kuɗin cefanen da ba zai wuce gari da kuka da dunƙule ba, ga mata mai ciki ko mai shayarwa, ga yara biyar, sannan ya kashe kwatankwacinsa ko fiye a kan cikinsa shi kaɗai. Idan ya dawo aka kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Da gaskiyarsa, ya ƙoshi.

Lokacin da kowa ke ci daga tukunya ɗaya, ko da rabon bai zama daidai ba, romon naman yana shiga miyar kowa, kuma uba yana ganin abin da 'ya'yansa ke ci. Idan miya ta tsinke shi ma ya ji a bakinsa, gobe ya ƙara cefane. Cin waje ya yanke wannan igiya. Mutum zai iya shekara bai ɗanɗana abin da iyalinsa ke rayuwa a kansa ba. Ƙuncin rufe gada ya ƙara tsananta lamarin, domin idan samu ya ragu, kuɗin da ake fara yankewa shi ne na cefane, na majalisa kuwa kunyar abokai ba ta bari a taɓa shi.

Ƙarshen hanyar, kamar yadda aka gan shi a Amurka

Wani zai ce ai wannan ci gaba ne, haka manyan ƙasashe suke. Gaskiya ne haka suke, shi ya sa ya kamata mu duba inda hanyar ta kai su. A Amurka, alƙaluman ma'aikatar noma ta ƙasar sun nuna fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a kan abinci yana tafiya ne ga abincin da aka dafa a waje. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano cewa tsakanin 2013 da 2016, a kowace rana fiye da kashi ɗaya cikin uku na manya suna cin abincin gaggawa na irin shagunan McDonald's. A yau kimanin mutum huɗu cikin goma na manyansu suna da ƙibar da likitoci ke lissafawa a matsayin cuta. Abin ya kai tun daga watan Mayun 2018 doka ta tilasta wa manyan kamfanonin abinci masu rassa 20 ko fiye su rubuta yawan kuzarin da ke cikin kowane kwano a jikin allon farashi.

A lura da ma'anar wannan doka. Mutane sun daina sanin abin da suke ci, har sai da hukuma ta sa aka rubuta musu. Su suna da asibitoci da ma'aikatan duba abinci da dukiyar jinya, duk da haka abin ya zame musu nauyi. Mu da mai ciwon ƙoda zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci kafin ya sami injin wankin jini, muna ɗaukar cututtukan ƙoshi alhali ba mu rabu da na yunwa ba. A gida ɗaya sai ka tarar da uba mai hawan jini da ɗa mai tamowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da shari'a ta ce

Sayen abinci a kasuwa halal ne. A cikin Suratul Kahfi, aya ta 19, samarin kogo da suka farka sun aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo musu abinci. Amma sun gindaya masa sharaɗi, ya duba wanda ya fi tsarki. Ayar ta halatta saye, ta kuma ɗora wa mai saye nauyin dubawa. A Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah Ya haɗa sifa biyu ga abin da za a ci, ya zama halal kuma ya zama ɗayyib, wato mai kyau wanda ba ya cutarwa. Mun ƙware wajen tambayar wa ya yanka, kuma tambaya ce mai kyau. Saura mu koyi tambayar kwana nawa man nan ya yi a kasko, da wane ruwa aka wanke kwanon nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kashe wajen mutum 137,000 a Afirka kowace shekara.

Ga mai sayarwa, Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tulin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Wanda ya niƙa masara mai funfuna ya cuɗa da mai kyau ya shiga ƙarƙashin wannan hadisi kai tsaye. Magabata ba su bar lamarin ga wa'azi kaɗai ba. Littattafan hisba, irin na Shaizari da na Ibnul Ukhuwwa, sun ware babi-babi kan masu gasa burodi da mahauta da masu dafuwa da masu soya kifi, da yadda muhtasibi zai riƙa duba kayan aikinsu.

Ga magidanci, ciyar da iyali wajibi ne gwargwadon hali, kuma malamai sun yi bayani cewa ana auna shi da irin abin da mutum yake iyawa da abin da aka saba a garinsa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa zunubi ne da ya ishe shi. A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuma, an yi wa mutum alƙawarin lada har a kan lomar da ya sa a bakin matarsa. A shekarar fari ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu, ya zauna a kan man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Halifa ya ƙi cin abin da talakawansa ba su samu ba. Yaya uba zai ci abin da 'ya'yan cikinsa ba su samu ba?

Akwai kuma maganar albarka. Wasu sahabbai sun kai kuka cewa suna ci ba sa ƙoshi, Annabi (SAW) ya tambaye su ko a rarrabe suke ci, suka amsa, sai ya umarce su su haɗu a kan abincinsu su ambaci sunan Allah. Ko a lissafin kasuwa haka abin yake: kuɗin da mutum biyar za su kashe kowa a rumfarsa, idan aka zuba shi a tukunya ɗaya zai ciyar da fiye da biyar.

Abin da ke hannunmu

Buɗe gada da rufe ta yana hannun shugabanni, muna roƙon Allah Ya daidaita tsakaninsu. Amma akwai abin da ba ya jiran Kwatano ko Yamai.

Ya kai magidanci, ka yi lissafin mako ɗaya tsakaninka da Allah: nawa ka kashe a kan cikinka a waje, nawa ka bayar a gida? Idan aiki ya tilasta maka cin rana a kasuwa babu laifi, amma ka tsare abinci ɗaya a yini tare da iyalinka, daga tukunyarsu. Idan ka tsaya wurin mai nama, a ƙunshe maka ka kai gida. Ƙwai ɗaya a bakin yaro ɗan shekara biyu ya fi uku a bakinka.

Uwayen gida da masu sana'ar abinci, daddawa da busasshen kifi da albasa suna ba miya ɗanɗano ba tare da tarin dunƙule ba. Zogale da rama da yakuwa da kuɓewa suna nan a lambunanmu da araha. A rage bai wa ƙananan yara shayi tare da abinci, domin ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin da ke ƙara jini. A rufe abinci daga ƙuda da ƙura, a ajiye ruwa da sabulu a gaban rumfa. Mai saye kuma ya daina matsa wa mai abinci ta cika masa kwano a kuɗin bara, domin matsin nan ne ke tura ta ga algus.

Shugabannin kasuwa da sarakunan pawa da ofishin magajin gari su farfaɗo da aikin hisba ta hanyar da doka ta yarda: duba hatsin da ake kai wa injin niƙa, da ruwan da ake dafuwa da shi, musamman lokacin ambaliya. Kwamitocin masallatai su ma suna da rawar takawa. Tun 2017 gwamnati ta faɗaɗa shirin ciyar da yara a makarantun firamare, amma almajiran makarantun allo da yawa har yanzu ragowar kwanon rumfa ne abincinsu. Unguwar da ta iya tara kuɗin lasifika da fentin masallaci za ta iya tara buhun shinkafar gida da wake domin tukunya ɗaya a makarantar allonta.

Ɗalibai kuma, idan kun karanta babin ladubban ci da sha, kada ku tsaya a kan bisimilla da hannun dama kawai. Hadisin Miƙdamu da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, da ayar Suratul A'araf da ta hana ɓarna a ci da sha, suna cikin babin. Ku kai wa iyayenku wannan ilimi cikin ladabi.

Ranar da manyan motoci suka dawo bisa gada, kuɗi za su dawo, rumfuna za su ƙaru, lemon kwalba da taliyar leda za su ƙara araha. Idan ba mu gyara al'adar ba tun yanzu, wadata za ta ƙara wa maza cutar ƙoshi ne kawai, yara su ci gaba da jiran romo. Allah Ya sa wa abincinmu albarka, Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya zaunar da Benin da Nijar da Najeriya lafiya. Wallahu a'alam.